Waƙoƙi tsakanin salula da kwamfuta: igiya, memori, Wi-Fi ko intanet?

Kukan da masu gyaran salula a Yamai suke yawan ji a kan waƙoƙi bai wuce kala huɗu ba. Wani ya jona salula da kwamfuta, tana caji amma kwamfutar ba ta gan ta ba. Wani ya kwafi waƙa ɗari biyu, ya buɗe manhajar sauraro ya tarar da sittin. Wani kowace waƙa ta fito masa sau biyu ko uku. Mafi ciwo shi ne mai iPhone da ya jona wayarsa a kwamfutar wani, ya danna abin da bai karanta ba, ƙira'a da tafsirin da ya daɗe yana tarawa suka tafi. Duk waɗannan suna da magani, amma maganin ya danganta da hanyar da ka bi, kuma kowace hanya da irin cutarta.

Kafin ka zaɓi hanya, ka yanke shawara ɗaya: ina uwar taskarka take? Ka ware wuri guda, kwamfuta ko faifan ajiya na waje, ka ce nan ne asali, abin da ke cikin salula kwafi ne. Mafi yawan rikicin daidaita waƙoƙi daga nan yake tasowa. Mutum ya ƙara waƙa a salula, ya goge wata a kwamfuta, ya sauya sunan ta uku, sannan ya ce wa manhaja ta daidaita su. Ita manhaja ba ta san wanne ne daidai ba, sai ta ninka ko ta goge.

Ma'aunin da za a auna da shi

Abu huɗu ne. Kuɗi, kuma a nan har da megan da za ka ƙona, don shi ne kuɗin da mutane ba sa lissafawa. Ƙarko, wato ko hanyar za ta ci gaba da aiki bayan shekara, cikin zafin Afrilu da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta. Sauƙi. Sai haɗari, ina nufin yiwuwar ka rasa abin da ba za ka sake samu ba.

Ka kuma san nauyin kayanka. Fayil ɗin MP3 mai ingancin 128 kbps yana cin kusan mega 1 a minti ɗaya, mai 320 kbps kuma kusan mega 2.4. Waƙa 1,000 masu minti huɗu huɗu a 128 kbps sun kusa jiga 4. Wa'azi na awa ɗaya a 64 kbps bai kai mega 30 ba. Da wannan jiga 4 ɗin za mu gwada kowace hanya.

Igiyar USB

Ga mai Android, Tecno ce ko Infinix ko Itel ko Samsung, wannan ita ce hanyar da ta fi araha kuma ta fi tsayuwa. Ba mega, ba rajista. Jiga 4 yana wucewa cikin minti biyar zuwa sha biyar, gwargwadon salular da yawan ƙananan fayiloli. Amma kuma ita ce aka fi kuka da ita, saboda ƙananan abubuwa da ba a kula da su.

Na farko igiyar kanta. Igiyar USB ta gaskiya tana da siraran wayoyi aƙalla huɗu a ciki, biyu na wuta, biyu na bayanai. Da yawa daga masu arahar da ake ratayewa a teburan Babbar Kasuwa da Katako biyu kawai gare su, na wuta. Za ta yi maka caji lafiya lau, amma kwamfuta ba za ta taɓa ganin salular ba ko da ka kwana kana taɓa saiti. Idan ka jona ba ka ji ƙarar da Windows ke yi ba, kuma ba wani saƙon USB da ya fito a saman allon salula, ka sauya igiya kafin komai. In za ka sayi sabuwa, ka tafi da salularka a gwada a kwamfutar mai shago a gabanka.

Na biyu, salula tana fara jonuwa ne a matsayin caji kawai. Buɗe makullin allo, ja saman allo ƙasa, taɓa saƙon USB, ka zaɓi “Transfert de fichiers” in salularka da Faransanci take. In allon a kulle yake, kwamfuta za ta nuna sunan salular amma cikinta fayau.

Na uku ramin caji. Ka haska shi da tocila. Bayan hunturu ɗaya a aljihun riga za ka ga ƙura da zaren tufa sun dunƙule a ƙasan ramin kamar auduga, har kan igiyar ba ya shiga ya zauna. Wannan ne ke sa kwafi ya kai rabi ya tsinke. Kashe salular, ka ɗauki tsinken sakace na itace ka kwashe a hankali. Kada ka sa allura ko fil, ƙarfe yana iya haɗa wuta ko ya karya harshen da ke tsakiya.

In duk wannan ya yi daidai kuma har yanzu shiru, matsalar tana kwamfuta. Shiga “Gestionnaire de périphériques”, nemi salular mai alamar rawaya, ka sabunta direbanta (ƙaramar manhajar da kwamfuta ke gane salular da ita), ka zaɓi “Périphérique USB MTP” daga jerin da ke cikin kwamfutar (MTP shi ne yarjejeniyar da Android ke magana da kwamfuta da ita). Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman: wasu kwamfutocin hannu da ake kawowa daga Turai suna ɗauke da Windows mai harafin N a ƙarshen sunansa. Wannan nau'in ba ya zuwa da kayan sauti da bidiyo, kuma MTP ba ya aiki a kansa sai an saka Media Feature Pack na Microsoft, wanda kyauta ne. Mutane da yawa sun sayi igiya uku a banza saboda wannan. Mai Mac kuwa, ita Mac ba ta karanta Android da kanta, sai da manhaja irin OpenMTP.

Shi MTP aiki ɗaya yake yi a lokaci ɗaya. In kana kwafi, kada ka buɗe wata folda a salular ko ka fara goge wani abu, zai daskare. Ka tura kashi kashi, waƙa ɗari biyu ko uku a zubi ɗaya, ka duba adadin fayiloli a ɓangarorin biyu kafin ka wuce. Kuma kullum “copier”, kada ka taɓa “couper”. In wuta ta ɗauke ko igiya ta motsa a tsakiyar yanka, kana iya tashi da fayil ɗin da ba ya nan, ba ya can.

Waƙar da ta shiga amma ba ta fito a manhajar sauraro ba, yawanci ba ɓata ta yi ba. Android yana da rajistar kayan sauti, kuma bai sabunta ta ba tukuna. Kashe salular ka kunna. In ba ta fito ba, ka duba ko akwai ɓoyayyen fayil mai suna .nomedia a cikin foldar, shi ne ke ce wa manhaja ta tsallake wurin. Goge shi, ka sake kunna salular.

Katin memori da na'urar karanta shi

Cire katin daga salula, ka sa a ƙaramar na'urar karantawa, ka jona a kwamfuta. Yanzu ba MTP a tsakani, kwamfuta tana ganin katin kamar kile na USB. Ya fi igiya sauri da natsuwa in fayilolin dubbai ne, kuma katin nan ɗaya zai shiga rediyon mota, da lasifikar Bluetooth, da ƙaramar salula mai maɓallai ta tsohuwa a gida. Shi ya sa masu tura waƙoƙi a kasuwa suka riƙe wannan hanya.

Haɗarinta ɗaya ne babba, katin jabu. Ana ɗaukar katin jiga 8 a sauya bayanin da ke cikinsa ya riƙa cewa shi jiga 64 ne ko 128. Salula za ta yarda, kwamfuta za ta yarda. Za ka zuba kaya, komai ya tafi daidai har ka cika jiga 8 na gaskiya. Daga nan duk abin da ka ƙara ko dai ya tafi iska, ko ya hau kan na farko ya lalata shi. Sunayen waƙoƙin suna nan reras a jere, ka taɓa ɗaya ta ƙi tashi, ko ta yi daƙiƙa goma ta yanke. Mutum sai ya ɗauka daidaitawa ce ta lalace, alhali katin ne. In mai shago ya ba ka babban kati a kuɗin ƙarami, ka tuna araha ba ta ado. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: manhajar H2testw a Windows, kyauta, tana cika katin da bayanai ta sake karanta su, ta faɗa maka girmansa na gaskiya. Ka yi gwajin tun katin yana sabo, ba komai a ciki.

Sai maganar tsarin kati. Katin da bai wuce jiga 32 ba yakan zo da FAT32, wanda kusan kowace na'ura ke karantawa, sai dai fayil ɗaya ba zai wuce jiga 4 ba, abin da ba ya damun mai waƙa. Wanda ya wuce jiga 32 yakan zo da exFAT, kuma tsofaffin rediyon mota da lasifiku da ƙananan salula da yawa ba sa gane shi. In katin zai riƙa yawo tsakanin na'urori, na jiga 32 ya fi kwanciyar hankali.

Wani tarkon: tun Android 6 a 2015, wasu salula suna tambaya ko a mai da katin ma'ajiyar ciki ko ta waje. In ka zaɓi ta ciki, salular za ta kulle katin da makullin sirri nata. Kwamfuta ba za ta karanta shi ba, za ta ce a yi masa format, wato a share shi kaf. Kada ka yarda. Mayar da shi salular, kwashe kayan ta igiya, sannan ka sake tsara shi a matsayin na waje. In salular ta mutu alhali katin yana kulle, kayan sun tafi da ita.

Ta fuskar ƙarko, kati ba wurin ajiya na dindindin ba ne. Yakan mutu ba sallama, musamman in ana zare shi ana cikin rubutu. Ka cire shi ta hanyar “Éjecter” kullum.

Wi-Fi na gida, ba tare da intanet ba

Kowa ya san Xender, kuma tsakanin salula da salula yana aiki. Bluetooth kuwa na waƙa ɗaya ne ko biyu, jiga 4 zai cinye maka kusan yini. Tsakanin salula da kwamfuta akwai biyu da suka fi tsabta. Quick Share na Google, wanda aka haɗe da na Samsung a farkon 2024, yana da manhajar Windows. LocalSend kuma kyauta ce, ba talla, tana aiki a Android da iPhone da Windows da Mac da Linux. Ba ka buƙatar na'urar Wi-Fi a gida. Kunna “partage de connexion” a salula, kashe bayanan intanet don kada kwamfuta ta shanye maka forfe da sabunta kanta, ka jona kwamfutar a kai, ka tura.

In na'urorin ba su ga juna ba, abu biyu ake dubawa: ko suna kan Wi-Fi ɗaya, da ko Windows ya ɗauki layin a matsayin na jama'a. Mayar da shi “Réseau privé”, ka ba manhajar izini a katangar tsaro ta Windows. VPN ma yana hana su ganin juna.

Wanda yake son daidaitawa ta gaske, wato ya jefa waƙa a kwamfuta ta bayyana a salula da kanta, Syncthing ce ke yin wannan. An daina fitar da manhajarta ta asali ta Android a Disambar 2024, yanzu Syncthing-Fork ake amfani da ita. Tana da kyau ƙwarai, amma wuƙa ce mai kaifi biyu: abin da ka goge a nan zai gogu a can. Yaro ya ɗauki salula ya share folda, da zarar sun haɗu a Wi-Fi ta kwamfuta ma ta tafi. Maganin shi ne ka sa foldar kwamfuta a matsayin mai aikawa kaɗai, ta salula mai karɓa kaɗai, ka kunna ajiye tsofaffin fayiloli. Ka kuma cire manhajar daga jerin waɗanda salula ke kashewa don tattalin batir, in ba haka ba aikin zai tsaya da zarar allo ya mutu.

Intanet

Google Drive yana ba da jiga 15 kyauta, kuma shi kaɗai ne a cikin hanyoyin nan zai cece ka in an sace salula da kwamfuta rana ɗaya. Amma jiga 4 hawa, jiga 4 sauka, jiga 8 ke nan. Duba kuɗin forfe na Airtel ko Moov ko Zamani ka ninka, za ka ga ba hanyar yau da kullum ba ce sai ga mai Wi-Fi a wurin aiki.

Abin da ya kamata a sani a nan: waƙar da ka sauke a cikin Spotify, ko ta biya a Boomplay da ire-irensu, a kulle take cikin manhajar. Ba fayil ɗin MP3 ba ce da za ka kwafa. Ba igiyar da za ta fito da ita, kuma wannan ba lalacewa ba ce, haka aka gina abin. Spotify ma yana so ka hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba abin da ka sauke ya daina tashi.

iPhone daban take

Ba ta da kati, kuma ba za ka ja waƙa ka jefa cikin manhajar kiɗanta daga Windows ba. Sai ta iTunes, ko manhajojin Apple Devices da Apple Music a sabon Windows, ko Finder a Mac tun daga macOS Catalina na 2019. Tafiyar kuma hanya ɗaya ce, daga kwamfuta zuwa waya, kuma wayar taska ɗaya take bi. In ka jona ta a wata kwamfutar ka ga “Effacer et synchroniser”, ma'anarsa za a share abin da tsohuwar kwamfuta ta ɗora a sa na wannan. Kada mai iPhone ya kai wayarsa wurin mai tura waƙoƙi ya bar shi ya danna wannan.

In kwamfuta ba ta ga wayar ba, buɗe allo ka amsa “Se fier” ka sa lambar sirri. In tambayar ba ta fito ba, sauya igiya, sannan ka sake kunna hidimar Apple Mobile Device Service a Windows. In an ga wayar amma wurin zaɓen waƙoƙi ya ƙi, duba saitin kiɗa a wayar: muddin “Synchroniser la bibliothèque” yana kunne, daidaitawa ta igiya ba za ta yi ba. Kuskure mai lamba -54 yawanci na nufin wani fayil yana kulle ko ba izinin taɓa shi. Ka tattara fayilolin wuri ɗaya da “Consolider les fichiers”, ka sake gwadawa. Alamar motsin rai kusa da waƙa kuwa tana nufin an matsar da fayil ɗin daga inda iTunes ya san shi, galibi saboda yana kan kile da aka zare. Sannan iTunes ba ya karɓar fayilolin sauti nau'in FLAC ko Opus, sai an juya su zuwa MP3 ko AAC.

Ga wanda duk wannan ya ishe shi, shawarata VLC. Sa ta a iPhone, kunna rabawa ta Wi-Fi a cikinta, za ta ba ka adireshi, ka rubuta shi a burauzar kwamfuta, ka ja fayiloli ka saki. Tana buga kusan kowane nau'i, kuma ba ta share komai.

Cutar da ke bin kowace hanya

Sunaye. Windows da katin memori ba sa karɓar alamomin \ / : * ? " < > | a sunan fayil, kuma in sunan folda cikin folda ya yi tsawo har ya haura haruffa 260, kwafi yakan tsaya. Wa'azin da aka sa wa suna mai tsawon layi biyu shi ne ke karya zubi duka.

Sai namu na Hausa. Manhajar sauraro ba sunan fayil take nunawa ba, bayanin da ke cikinsa take karantawa, wanda ake kira ID3. Tsohon tsarin, ID3v1, haruffa 30 kawai yake ɗauka kuma bai san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba, shi ya sa “Ɗan” ke fitowa da alamar tambaya ko wani ɗan akwati. Da Mp3tag, wadda kyauta ce a Windows, zaɓi waƙoƙin duka ka ajiye su a ID3v2.3 mai UTF-16. A nan ne kuma za ka gyara sunan mawaƙi ya zama iri ɗaya, don in an rubuta shi kala uku, manhaja za ta raba shi mutum uku.

Ninkuwar waƙa kuma daga warwatsuwa take. Ɗaya tana Download, ɗaya a foldar Xender, ɗaya a ta WhatsApp, wadda tun Android 11 ta koma Android/media/com.whatsapp. Tattara su a kwamfuta, tace su da dupeGuru, mayar da su folda ɗaya mai suna Music, ka ce wa manhajar sauraro nan kaɗai za ta duba.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Igiyar USB | Kuɗin igiya kawai | Mai kyau | Da sauƙi in igiyar ta bayanai ce | Tsinkewa a tsakiyar kwafi |
| Katin memori | Kati da na'urar karantawa | Matsakaici | Mafi sauƙi | Katin jabu, mutuwar kati |
| LocalSend ko Quick Share | Kyauta | Mai kyau | Matsakaici | Ninkuwar fayiloli |
| Syncthing | Kyauta | Mai kyau | Sai mai haƙuri | Gogewa a ɓangare biyu |
| Intanet | Mega mai yawa | Mafi ƙarko | Da sauƙi in layi na da ƙarfi | Kuɗi, manta kalmar sirri |
| iTunes ko Finder | Kyauta | Muddin kwamfutar tana raye | Da wuya a farko | Share kayan waya |

Wa ya dace da wacce

Mai Android da kwamfutarsa ta kansa, wanda ke ƙara waƙoƙi sau ɗaya ko biyu a wata, igiya mai kyau ta ishe shi, da folda ɗaya a kowane ɓangare. Direban da ke bin hanyar Yamai zuwa Tawa ta Dosso da Ƙonni, wanda ke son abu ɗaya ya yi a mota ya yi a salula, katin jiga 32 mai FAT32 da aka gwada, MP3 zalla a ciki. Wanda ramin cajinsa ya fara sakwarkwacewa, ko gidan da ake da Android da iPhone a haɗe, LocalSend. Syncthing ta ɗalibi ce ko ma'aikacin rediyo da ke taɓa fayiloli kullum kuma zai zauna ya saita ta daidai. Mai iPhone da kwamfuta ɗaya tabbatacciya ya bi iTunes ko Finder; wanda ba shi da kwamfutar kansa ya tsaya a VLC.

Akwai kuma mai kayan da ba a sayarwa a kasuwa: tafsirin malamin unguwa da aka ɗauka a azumi, kirarin ƴan kokowa da aka naɗa a fili, muryar kaka tana waƙar daka, tsohon kaset da aka juya. Irin wannan nauyinsa ba ya da yawa, sau da yawa bai kai jiga 2 ba. Shi ne ya cancanci megan intanet. Ka ajiye ɗaya a kwamfuta, ɗaya a kile da ke cikin akwati nesa da rana, ɗaya a Google Drive, kuma kada ka sa foldarsa cikin kowace manhajar da ke daidaitawa da kanta.